Masaukina a Gabon da Gawar Baba Manu

Mai jirgin da ya ɗauko mu daga Kalaba bai kai mu Gabon ba, kusa da Gabon ya kai mu. Da hantsi ya kashe inji a wani lungu mai cike da itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye cikin ruwa, ya nuna mana tudu da leɓe, ya ce mu sauka. Wanda ya tsaya gardama sai a jefa jakarsa cikin ruwa, dole ya bi ta. Ni mutumin Kambaza ne ta ƙasar Gwandu, ruwan da na sani na fadama ne, wanda in ya cika ya kawo wa mutum gwiwa. Ranar na shiga ruwa har wuya da jaka a ka, laka ta zare mini takalma, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Kwanakin da muka yi a teku kuwa ba na son tuna su. Amai ne da ƙishirwa da warin fetur, da wata mata 'yar Togo da ta yi ta kiran sunan ɗanta har muryarta ta dishe.

Garin da na faɗa bayan na lallaɓa na shiga Gabon yana bakin teku, ba zan ambaci sunansa ba. Na fara da kwana a bayan wani ƙaramin masallaci na 'yan Mali, na yi dako a tashar jiragen ruwa, na yi turin baro, na yi wankin mota. Ruwan sama a can ba ya gajiya. Rigar da ka shanya yau, jibi ma da danshinta za ka saka. Abincinsu rogo ne da ake naɗewa a ganye, mai tsami da wani irin wari, na daɗe ina toshe hanci kafin in haɗiye. Ban san ina son gero ba sai da na rasa shi. Akwai ranar da na tsaya a kasuwa ina kallon wata mata tana auna tsakin tsuntsaye, na hango ƙwayoyin gero a ciki, sai da na juya baya don kada a ga babban mutum yana hawaye a kan abincin aku.

A shekara ta uku na samu gadi a gidan wata mata da ake kira Madam Odil. Kirista ce, gajeriya mai faɗa, ba ta yi wa kowa magana sai da hannu a ƙugu. Mijinta tsohon akawun kamfanin katako ne, ban daɗe da fara aiki ba ya rasu. A nan na fara ganin abin da ya tayar mini da hankali. Mutumin ya cika, aka ɗauke shi aka kai mutuware aka sa a firij. Aka yi mako, aka yi wata, ana jiran 'yan'uwa su zo daga ƙauye da ƙasar Faransa, ana ɗinka anko, ana fentin gida. Kowace Asabar Madam za ta ci ado ta tafi ganin mijinta, ta dawo tana cewa sun kula da shi sosai. Ranar da aka fito da shi an sa masa kwat da farar safar hannu, aka kwana ana kiɗa. Ni dai na kasa cin abinci. A raina na ce waɗannan mutane ba su da tausayin mamaci ko kaɗan.

Bayan an gama hidima, ga wani dogon gini a gefen gidan mai ɗakuna a jere, wanda marigayin ya gina bai kai ga zuba haya ba. Na lura 'yan kasuwarmu masu zuwa cin rani ba su da wurin kwana sai barandar shaguna. Na tari Madam da guntun Faransancina na ce ta ba ni ginin in mai da shi masauki, duk wata in kawo mata rabonta. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce in dai ba za a yanka mata rago a tsakar gida ba, ta yarda.

Haka na zama fatoma, mai saukar da baƙi. Wanda bai taɓa riƙe masauki ba zai ɗauka zama ne kawai a kujera ana miƙo maka. Ni ne mai shara, ni ne mai wanke bayi, ni ne mai yaƙi da kuɗin cizo, ni ne alƙali in an sace wa wani buta. Na sayi tabarmi da katifu, na jera butoci, na ware ɗaki ɗaya na sallah, na kafa ganga biyu na tarar ruwan sama. Baƙon garinmu kuwa ya fi kowa wahalar sha'ani. Zai zo ya ce ai mu 'yan gida ne, ya kwana, ya ci, ya yi wanka da sabulunka, ya kuma gaya maka katifar ta yi tauri. Akwai wani Bazabarme da na kama yana soya kifi a ɗaki a kan risho, kusa da labule. Akwai wanda na fitar wa da kaya waje da rana tsaka don ya shigo mini da kwalba da mace. Na yi suna da faɗa, ban kuma damu ba. Gidan ya tsaya da ƙafarsa, na samu takardar zama, ina aika wa matata Hauwa abin da ya samu, har na fara tara bulo a Kambaza. Wannan masaukin shi ne abu na farko a duniya da na duba na ce nawa ne, ko da ginin na wata ne.

A cikin baƙina babu kamar Baba Manu. Dattijo ne daga Diggi ta ƙasar Kalgo, dogo siriri mai farin gemu. Duk shekara in an gama girbin shinkafa sai ya ɗauro kayansa, turare da carbi da huluna da 'yan ƙulle-ƙullen magani, ya zo ya yi watanni yana zaga unguwanni. Shi ta mota yake bi, ta Kamaru, yana lallaɓa masu tsaron iyaka da turare. Bai taɓa zuwa hannu rabbana ba. Zai kawo mini garin gero da daddawa da busasshen kifi, ya ajiye a gabana ya ce, "Amshi, Bello. Na san ku mutanen Gwandu, karatu gare ku amma ba ku iya kamun kihi ba." Ni kuma in ce ai su ma ba don albasarmu ba da kifinsu ƙarni zai kashe su. Ɗakin ƙarshe na kusa da gangar ruwa nasa ne, ko gidan ya cika ba na ba kowa shi in lokacin zuwansa ya gabato.

Zuwansa na ƙarshe da tari ya zo. Ya rame, in ya yi tafiya kaɗan sai ya dafa bango. Na ce mu je asibiti, ya ce sanyin hanya ne, yana da maganinsa. Na yi faɗa, ya yi dariya. Wata rana bayan la'asar muna zaune a baranda sai ga motar ɗaukar gawa ta wuce, mutane na biye da anko da ganguna. Wani baƙo ya ce ai wannan mamacin tun kafin azumi ya mutu. Baba Manu ya bi su da kallo har suka sha kwana, sannan ya jawo tabarmarsa kusa da ni.

"Bello, ina son in roƙe ka wani abu."

"Hwaɗi, Baba."

"In mutuwa ta zo min garin ga, kak ka bari su sa ni cikin ƙanƙara. Ni ba kihi ba na. Ka wanke ni, ka sa a yi min sallah, ka kai ni makwancina tun rana ba ta hwaɗi ba."

Na ce, "Haba Baba, wace irin magana ta wagga? Kai da za ka koma ka ci sabuwar shinkahwa."

"Ni dai ka ce ka ɗauka."

Na ce na ɗauka. Ya kama hannuna ya riƙe, tafinsa da zafi, sannan ya saki ya ci gaba da jan carbi.

Ba a yi sati biyu ba, wata safiya ban gan shi a sallah ba. Da rana ta fito na dama kunun geron da ya kawo na kai masa. Na yi sallama shiru. Na tura ƙofa na same shi kwance a gefen dama a kan tabarma, ya riga ya yi sanyi. Na ajiye kofin, na shafe masa ido, na yage gefen rawaninsa na ɗaure masa haɓa. Na daɗe a tsugune ina kuka, don tun rasuwar mahaifina ba wanda ya ƙara kirana da irin muryar da yake kirana.

Na aika aka kira Malam Isa limamin masallacinmu, da wani Sani da muke kira Tafinta. Sani ɗan wajenmu ne da ya daɗe a ƙasar, ya iya Faransanci kamar a can aka haife shi, duk wanda ke da matsalar takarda shi yake nema. Madam kuwa ta tafi ƙauyensu biki, babu waya a can. Sani ya leƙa ɗakin ya fito, ya ce doka ita ce a kira 'yan sanda da likita, su ɗauke shi su kai mutuware, sai an gama bincike a ba da izinin binnewa.

Na ce, "Kwana nawa?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Baƙo na, ba shi da dangi nan. Sai yadda ta yiwu."

"Wallahi ba mai sa Baba Manu cikin hirij ina raye."

Sani ya ce to akwai wani likita da ya sani. In an ba shi abin da zai lallaɓa shi, kafin magariba zai kawo takarda mai ɗauke da kwanan watan yau, mu dai mu yi abin da addini ya ce. Malam Isa ya ce ko a jira takardar ta zo hannu. Ni na hana. Na ce rana tana yi, gawa ba ta jira, a garinmu wa ya taɓa jin an nemi izinin hukuma kafin a rufe musulmi? Baƙin gidan duk suka goyi bayana. Aka yi karo-karo, na cika da abin da ke akwatina, Sani ya karɓa ya fita da sauri.

A bayan gida kusa da ganga muka yi masa wanka, ni da Malam Isa, muka kare da tabarmi. Na sayo farin yadi a shagon wani ɗan Senegal, muka ɗinka likkafani, na fesa masa turarensa na sayarwa. Muka naɗe shi a tabarma muka sa a bayan a-kori-kurar wani ɗan Mali. Akwai wani tsohon fili a bakin daji inda musulmin farko da suka zo garin suke kwance, can muka kai shi. Ƙasar ja ce mai danshi, ba ta yi wuyar haƙa ba. Ni na shiga ramin na karɓe shi, na juya fuskarsa gabas, muka jera itace muka rufe. Kafin azahar mun dawo. Na buga waya Diggi na gaya wa babban ɗansa Ali cewa Baba ya cika kuma an yi masa sutura. Ali ya yi ta sa mini albarka cikin kuka. Ranar, duk da baƙin cikin da nake ciki, raina fari ƙal yake. Na ji na yi abin da ɗa ke yi wa uba.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne idon maƙwabta. A tsallaken titi akwai mai gidan giya, ya ga an fito da wani abu dogo a naɗe cikin tabarma an jefa a mota an fita da gudu. A lokacin garin cike yake da tsoro, ana ta raɗe-raɗin ana tsintar gawarwaki an cire musu sassan jiki. Magariba ta yi babu Sani, wayarsa a kashe. Washegari da hantsi sai jifa a kan kwanon rufi. Na leƙa na ga titi ya cika, maza da mata da sanduna, suna cewa baƙi sun yanka tsoho sun ɓoye. Baƙina suka dinga tsallake katangar baya, har da masu cewa mu 'yan gida ne. 'Yan sandan da suka zo kama ni su ne suka cece ni, don da sun makara da a ƙofar masaukina za a kashe ni.

Babban jami'in da ya yi mini tambayoyi ba mugu ba ne, ban kuma taɓa cewa mugu ne ba. Mutum ne mai furfura da tabarau, yana magana a hankali don in gane. Ya ce wa ya ga mutuwarsa? Na ce Allah. Ya ce wane likita ya duba shi? Na ce babu. Ya ce ina izinin binnewa? Na ce yana wurin Sani. Ya ce ina Sani? Na ce tun ranar ban sake ganinsa ba.

Ya cire tabarau ya ce, "Mutum ya mutu da safe, kafin tsakar rana yana ƙarƙashin ƙasa. Me kuke gudu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba gudu ba ne. Haka muke yi."

"To ka saurare ni. A ce mahaifinka ne ya sauka a gidana a wata ƙasa. Ya mutu da safe, ban kira kowa ba, na binne shi kafin tsakar rana, sannan na buga maka waya. Me za ka ce da ni?"

Na ce, "Zan ce na gode."

Ya daɗe yana kallona kamar yana son ya gano ko raina masa hankali nake yi. Da ya ga da gaske nake, sai ya girgiza kai ya rufe bakin alƙalaminsa. Ya ce babu yadda za a yi, sai an tono shi.

Na roƙe shi. Ni da ban taɓa durƙusa wa kowa a ƙasar ba, na durƙusa na kama ƙafar wandonsa. Na ce su ɗaure ni iya shekarun da suke so, su ƙwace gidan, amma su bar tsohon nan ya kwanta. Ya ce ba a hannunsa abin yake ba, kuma in ba a tono shi ba, ni ne zan ƙare rayuwata a kurkuku da sunan mai kisa, mutanen unguwa kuma ba za su bar sauran 'yan'uwana su zauna lafiya ba.

Da ankwa a hannu aka kai ni in nuna kabarin. Ba sai na nuna ba ma, sabuwar ƙasa ta nuna kanta. Aka kawo fursunoni biyu da shebur, 'yan kallo suka cika bakin dajin suna toshe hanci tun ba a fara ba. Malam Isa ya zo, ya tsaya nesa ya juya baya. Ni ba a bar ni na juya ba. Na ga an ɗaga itatuwan da na jera da hannuna, na ga likkafanin da na ɗinka ya rine da jar ƙasa. Suka ciro shi suka sa a baƙar leda mai zif suka jefa a mota. Ni ma aka ja ni aka tafi da ni.

Na yi watanni a tsare ana jiran sakamakon likita. Ɗakin ya cika har ana kwana bi da bi, ƙafafuna suka kumbura, ƙaiƙayi ya cinye mini jiki. A duk mutanen da suka kwana a masaukina ba wanda ya leƙo ni, ban kuma ga laifinsu sosai ba, yawancinsu ba su da takarda. Wadda ta zo ita ce Madam Odil. Ranar farko ba gaisuwa ta kawo ba, faɗa ta kawo. Ta riƙe ƙugu ta ce an fasa mata tagogi, an rufe mata gini, an sa sunanta a bakin duniya.

"Kuma duk wannan bai fi ci mini rai ba kamar tsohon nan," in ji ta. "Mutumin kirki, kullum sai ya gaishe ni. Ka jefa shi a rami kamar kana jin kunyarsa. Ko iyalinsa ba ka jira ba, Bello. Ko fure ɗaya."

Na ce, "Madam, ke da kika bar mijinki wata da watanni a cikin ƙanƙara?"

Ta ce, "Don ina girmama shi."

Na ce, "Ni ma don haka ne."

Ba ta gane ni ba, ni ma ban gane ta ba, har yau kuwa. Amma da za ta tafi ta turo mini kwano ta ƙasan ƙarfe, shinkafa da kifi, ta ce a sabuwar tukunya ta dafa, wadda naman alade bai taɓa shiga ba. Daga ranar duk mako sai ta zo, ta yi faɗanta ta ajiye kwano.

Da sakamako ya fito aka ce ciwon ƙirji ne ya kashe shi, ba abin da aka taɓa a jikinsa. An wanke ni daga kisa, amma laifin binne mutum ba izini yana nan. Aka soke takardar zamana, aka ce in bar ƙasar kada in sake dawowa. Masaukin kuwa tuni ya zama kango, an kwashe katifu da butoci har da gangunan ruwa. Ban tsaya yi masa kuka ba, tambayata ɗaya ce, yaushe za a mayar da Baba Manu? Aka ce gawar da ta shiga hannun shari'a ba a ba kowa ita sai ɗan'uwa na jini, ya zo da kansa da shaida. Malam Isa ya yi ta zirga-zirga, aka ce bayan abin da muka aikata ba mai sake damƙa mana gawa. In kuma aka gaji da jira ba wanda ya zo, hukumar gari za ta haɗa shi da sauran waɗanda ba a san danginsu ba a zuba a rami ɗaya.

Madam ce ta roƙa aka bar ni na gan shi kafin a sa ni a jirgi. Ɗaki ne mai sanyi da warin magani, bango guda duk durowoyin ƙarfe. Ma'aikacin ya jawo ɗaya. Babu likkafani, wani koren ƙyalle aka rufa masa, an ɗaura masa lamba a yatsan ƙafa, ƙanƙara ta kama masa gemu. A raina na ce Baba ka yafe mini. Madam ta gyara masa ƙyallen a kafaɗa, ta ce in tafi, ita za ta riƙa zuwa tana biyan kuɗin ajiya tana hana su fitar da shi, iya ƙarfinta. Ta ce amma in gaggauta turo ɗansa, don ita ma ba yarinya ba ce.

Na iso Kambaza da leda ɗaya a hannu. Bulon da na tara yana nan ciyawa ta fito a tsakaninsa. Mutanen Diggi ba su san komai ba, don waɗanda suka tsere daga masaukin ba wanda ya yi ƙarfin halin faɗa, ni kuma na kasa faɗar irin wannan magana a waya. Na yi kwanaki ina cewa gobe. Hauwa ce ta gaji, wata safiya ta ajiye mini takalmana a bakin ƙofa ta ce, "Malam, kullum ka ƙara kwana nan, shi ma ya ƙara kwana can." Na shiga mota zuwa Birnin Kebbi, daga nan Kalgo, na hau kabu-kabu zuwa Diggi.

Da ma sun tarbe ni da zagi da ya fi mini sauƙi. Ana jin ga Bello na Gabon, wanda ya yi wa Baba sutura, sai gida ya rikice. Aka shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, aka kama zakara, maƙwabta suka yi ta shigowa suna riƙe hannuna da hannu biyu. Ali, mutum mai faɗin ƙirji da kaushin noma a tafi, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata ya ƙi hawa tabarmar. Inna Hajo, matar marigayin, ta zo bayan zana ta tsuguna. Ta riga ta fita takaba, har da ɗan lalle a hannunta.

Ta ce, "Bello, kai kaw wanke shi?"

"Ni na, Inna."

"An yi mai sallah?"

"An yi mai, da jama'a."

"To alhamdu lillahi. Abin da shika tsoro ke nan dud da za shi tahi. Allah shi yi ma albarka, Allah shi ba ka masu rufe ka."

Aka kawo abinci na kasa sa hannu. Da mutane suka ragu na ce wa Ali ya matso, na kuma roƙi Inna kada ta tashi. Na faɗa musu duka, ban rage ba, tun daga Sani har durowar ƙarfe. Ina magana ina kallon tabarma. Da na gama na ɗago kai na dubi wajen zanan.

Can Inna Hajo ta ce, a hankali, kamar da kanta take magana, "Ashe ni na hita takaba, shi ko bai shiga kabari ba."

Na ji motsin tashinta, na ji ta shige ciki. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta kuma zage ni ba.

Ali bai taɓa wuce Jega ba a rayuwarsa. Ya sayar da shanun nomansa ana gab da damina, muka yi ta sintiri Birnin Kebbi har ya samu fasfo da shaidar cewa shi ɗan marigayin ne. Ni ba ni da ikon raka shi. Abin da na iya shi ne na zaunar da shi na karanta masa hanya, ta Kamaru yadda ubansa ke bi, na hana shi ko kallon jirgin ruwa. Na koya masa gaisuwa da Faransanci, na kwatanta masa masallacin Malam Isa da gidan Madam, na ce in ta yi masa faɗa ya yi haƙuri, haka take.

Ranar tafiya na same shi a tashar Kalgo da sassafe. Jakarsa ƙarama ce, amma na ga ya rungume wani ƙulli a ƙirji bai yarda a sa shi a but ba. Farin yadi ne, Inna Hajo ta ɗinka da hannunta. Mota ta cika, direba ya tayar. Ali ya leƙo ta taga ya kama hannun rigata.

"Malam Bello, in sun jawo shi, ina gane shi kuwa?"

Na tuna abin da na gani a durowar, na kuma tuna watannin da suka ƙaru a kai. Na ce masa zai gane shi. Motar ta ja, na tsaya a tashar har ta ɓace, ban san ko gaskiya na gaya masa ba.